Yadda Na Zama Igiyar Shanya a Ƙofar Gidan Burodi

Ni ba mace ba ce mai son wargi, kowa a layinmu ya sani. Yaro bai isa ya wuce ni bai gaishe ni ba, ko kaza ce ta hau mini baranda sai ta ji a jikinta. Don haka duk wanda zai yi dariya a kan abin da zan faɗa, ya yi ta a hankali, ya kuma rufe bakinsa.

Gidan burodi gare mu. Marigayi maigidana ne ya kafa shi, shi ya kuma ƙera mini kujerar katako da hannunsa, ya dasa ta a bakin ƙofa, ya ce nan ne ofishina. Babban ɗana, da muke ce wa Babba, shi ke gaban tanderu. Matarsa ke kula da kwaɓi. Ƙanen marigayi, Direba, shi ke kai burodi shaguna a wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an yi mata magiya. Ni kuwa aikina saƙo. In aka zo neman mutum, sai in buɗe murya in ƙwala masa kira, ya ji ni ko da ya shige cikin buhun fulawa.

Bana sai aka fara cewa wai na tsufa. Wai kirana na firgita Babba har ya ƙona hannu. Wai na tura mai fulawa ƙarƙashin mota, na tura makanike ɗakin kwaɓi. Sau ɗaya hakan ta faru. To, sau biyu. Ran nan sai ga Babba ya sayo wata kujerar kushin ja, mai taushi kamar kwaɓin da ya kumbura, ya ajiye ta a ɗakin baya gaban talabijin.

"Inna, ki huta haka nan," in ji shi, yana kallon ƙasa. "In saƙo ya sake ɓacewa, gaskiya sai mu shigar da ke ciki. Don lafiyarki."

"Lafiyata ta kawo maka ƙara ne?"

"A'a, Inna."

"To ka bar ta inda ka gan ta."

Na san abin da ake kaiwa ɗakin baya. Can injin kwaɓin da ya mutu yake, can sikelin da ya daina faɗin gaskiya yake. Na yi wa kaina alkawari ba zan zama ta ukunsu ba.

Ana haka Auta ta zo hutu. Ita ce 'yata ta ƙarshe, aikin kwamfuta take yi, ba irin na buga takarda ba, wai ita cikin abin take gyarawa, can inda ido ba ya gani. Na same ta da hantsi a falo tana wa allon kwamfuta tsaki.

"Da wa kike faɗa?"

"Da sigina, Inna. Wani saƙo ne ya ƙi isa inda aka aike shi."

Nan take kunnena ya miƙe. "Au, ita ma kwamfutar saƙo na ɓace mata? Ai sai a saya mata kushin."

Ta yi dariya, ta jawo mini kujera. Ta ce a cikin kwamfuta akwai ayyuka da yawa suna gudana, kowanne kamar ma'aikaci a ɗakinsa, sannan akwai wata uwa a tsakiya da ke kula da su duka, ita ce cibiya. In wani na son ya aika wa wani aiki saƙo, ba ya faɗa masa kai tsaye. Cibiya yake gaya wa. Ita kuma ba ta ihu, sai ta ɗan yi alama a jikin sunan mai saƙon, alamar ta zauna tana jira.

"Har yaushe?"

"Ba aikin da ke daɗewa bai shigo wurin cibiya ba, dole ya buƙaci wani abu. To in ya shigo, ya juya zai koma bakin aikinsa, nan a bakin ƙofa za ta tare shi ta ce yana da saƙo. Ya tsaya ya biya buƙatar saƙon, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya."

Na gyara zama. "In saƙo iri ɗaya ya zo sau uku kafin ya shigo fa?"

"A irin na yau da kullum alama ɗaya ce. Na biyu da na uku sai su narke cikin na farko."

"In yana tsakiyar abin da ba ya son a dame shi?"

"Yana iya toshe wani irin saƙo. Alamar tana nan, amma ba za a ba shi ba sai ya buɗe. Sai dai kuma, Inna, akwai guda biyu da ba wanda ya isa ya..."

"Ya isa. Na gane."

"Ai ban gama ba."

"Ni na haife ki, ko ke kika haife ni? Wannan abin da kuke sa gilashi kuna karantawa, ai aikina ne aka sace aka zuba a akwati."

Kafin azahar na aro kwanon fegin shanya a wurin mai wanki, maƙwabciyarmu ta hagu, irin na roba masu launi da ake maƙale tufafi da su a igiya. Na tara mutanen gidan na karanta musu doka. Daga yau ba kira, ba ihu. Duk saƙo wurina zai zo, in maƙala fegi a jikina. Jan fegi, baƙo na neman ka. Kore, mai shayi na son ƙarin burodi. Shuɗi, aikin gida. Baƙi kuwa na mai aski ne, maƙwabcinmu na dama, wanda tun da aka gina tanderu bai taɓa wayar gari bai yi ƙorafin hayaƙi ba. Na Babba a gefen mayafina na dama, na matarsa a hagu, na Direba a ɗankwali. Ba wanda zai ji saƙonsa sai ya zo wucewa ta ƙofata, kuma ba zai ɗaga ƙafa ba sai ya biya.

Direba ya cire hula ya sosa sanƙonsa. "Matar Yaya, wannan sabon addini ne?"

"Ilimi ne. Abin da ya gagare ka tun kana da gashi."

"To me sunan sarautar?"

"Cibiya."

"Allah ya ja zamanin Cibiya. Allah ya raba ki da ciwon ciki."

Ranar farko gidan ya yi tsit, har ana jin tsiyayar famfo. Na zauna a kujerata kamar alƙali. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu ya tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce masa ci gaba aka yi. Na gaya wa mai wanki, na gaya wa mai sayar da kati, na gaya wa duk wanda ya tsaya sayen burodi da wanda bai tsaya ba, cewa abin da Auta ta yi shekaru tana karantawa, ni kafin shayina ya huce na haddace shi. Na ce nan gaba kaɗan asibiti da tasha za su aiko a koya musu, kuma ba kowa zan karɓa ba.

Washegari masu shayi uku suka zo, ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce a ƙara masa burodi. Na maƙala kore. Na biyu ya zo da tasa buƙatar, na nuna masa fegin na ce an riga an yi. Na uku ma haka. Da Babba ya zo wucewa na tare shi.

"Kana da kore."

"Wane mai shayin?"

"Mai shayi."

"Inna, nawa yake so?"

"Fegi ba ya magana. Alama ɗaya ce, haka ake yi a kwamfuta."

Ya ƙara tire ɗaya. Da yamma su ukun suka haɗu a kan tiren nan, kowa na cewa nasa ne. Ɗaya ya riƙe wannan gefe, ɗaya ya riƙe wancan, na ukun da ya rasa gefe ya zauna a kai. Babba ya dube ni, ya dubi hanyar ɗakin baya. Na ce masa saƙo bai ɓace ba, narkewa ya yi, kuma ba mu yi da shi a kan narkewa ba.

Kwana na gaba Babba ya fito da tire mai zafi, ya naɗe hannu da tsumma, yana sauri ya kai kan tebur. Na miƙa sandata na tare ƙofa.

"Kana da ja, da shuɗi, da baƙi."

"Inna, bari in ajiye!"

"Sai ka biya, sannan ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ja shi ne farko. Ga mai fulawa nan, gaishe shi."

Mai fulawa mutum ne mai doguwar gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, ya dawo ya sake tambayar gida. Babba na amsawa yana rawa da ƙafa ɗaya, tsumma na hayaƙi. A daidai "ya jikin Inna" ya saki tiren. Burodi ya bi titi yana gangarawa, yaran makaranta suka bi shi, wani kare ya ɗauki guda ya yi gaba kamar an aike shi.

"Saura shuɗi da baƙi," na ce.

Ya shiga ya yi magana da ƙanwarsa, ya fito fuskarsa a sake.

"Inna, Auta ta ce ana iya toshewa."

"Ana iyawa."

"To na toshe."

"Wane launi?"

"Duka."

Na so in hana, amma da bakina na karanta dokar a gaban jama'a, kuma ni ba na lashe abin da na tofar. Matarsa ta zo da ladabinta, ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Inna, ni ma in ba damuwa na toshe." Direba kuwa bai toshe ba, shi dabara ya yi. Tun da saƙo ba ya kama mutum sai a ƙofa, sai ya daina bin ƙofa. Tsoho da furfura a gemu, ya koma fita ta tagar ɗakin kwaɓi, ƙafa ɗaya, tumbi, sannan ɗaya ƙafar.

"Na gan ka!"

"Ganina ba ƙofa ba ne, matar Yaya!"

"Kana da shuɗi tun jiya!"

"Kin yi ihu. Cibiya ba ta ihu."

Na rufe bakina da hannu. Ya yi mini sallama da hula, ya shiga mota.

Saƙo bai daina zuwa ba, masu karɓa ne suka ƙare. Da farko na riƙe dokar alama ɗaya, amma bayan rigimar masu shayi sai na fara ƙara launi: rawaya na mai gyaran wuta, fari na mai kawo yis ɗin kwaɓi, ruwan hoda na wata da ta ce an ba ta burodi mai rami. Fegi ya cika mayafi, ya cika ɗankwali, ya sauko hannun riga. In na juya kai sai ka ji kacau-kacau. Mai wanki ta zo neman kayanta, ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Inna, da na san haka ne ai da na kawo zanin gadon na shanya a jikinki."

"Ki iya bakinki. Aiki ake yi."

"Wa ke yi?"

Auta ta fito ta ce in ba ta minti biyu ta ƙarasa mini bayanin. Na ce in tana da magana ta faɗi launinta. Ta ɗaga hannu sama ta koma ciki.

Ranar da abin ya fashe, ranar kasuwa ce, layinmu ya cika, mutane sun yi jerin gwano a gabana suna jiran burodi. Wannan shuɗin da Direba ke gudu, saƙon kwashe toka ne. Aikinsa ne ya ɗauki bokitin tokar tanderu ya kai juji. Da bokitin ya cika, Babba ya fito da shi ya dire a bayan kujerata, kusa da tarin buhunan fulawa da aka zazzage, ya ce in Direba ya zo ga shi nan. Na ce saƙo na nan a ɗankwali, ba inda za shi. Ban san akwai garwashi da ransa a ƙarƙashin tokar ba. Na dai ji ɗumi a bayana, na ce ashe ciwon ƙuguna ya samu sauƙi.

Sai ga mai aski, ya bar mutum da rabin kai ba a aske ba.

"Inna, hayaƙi!"

Na nuna masa baƙin fegi. "Tun safe aka maƙala."

"Ba wannan ba, wani ne!"

"Hayaƙi hayaƙi ne. Na biyu ya narke cikin na farko. Koma ka ƙarasa wa bawan Allah kansa."

Ya tafi, bai kai shagonsa ba ya juyo a guje, mai rabin kai na biye da shi da ƙyalle a wuya.

"Inna, ba na Babba ba ne, naki ne!"

"Nawa? Ni ba a aiko mini saƙo. Ni ce mai rabawa. Ka duba jikina kaf, ka ga inda aka ware mini?"

"Bayanki ne ke ci!"

"Bayana ya fi gabanka daraja. Mara kunya."

Mutanen layi suka fara ja da baya suna nuna ni. Na ɗauka sha'awar tsarin suke yi. Har na ɗaga murya na fara yi musu bayani: "Kun ga wannan jan, in baƙo ya..."

Ban ƙarasa ba. Mai wanki ba ta tambayi launi ba, ba ta jira ƙofa ba. Bahon ruwan sabulu ta ɗauko, da safar mutane a ciki, ta sheƙa mini tun daga ɗankwali har tafin ƙafa. Ta koma ta ɗauko na biyu ta sheƙa wa buhunan. Toka ta tashi, tururi ya tashi. Na yunƙura zan miƙe in ci mutuncinta, sai ƙafar kujera ta baya, wadda wuta ta riga ta cinye, ta ce ita ta gama aiki. Na tafi da baya, ƙafafuna a sama, fegi ya watse ko'ina kamar an fasa buhun gyaɗa.

Ni da na hana ihu, ihun da na yi ran nan har makanike ya ji a bakin titi. Babba ya fito a guje, matarsa ta fito da kwaɓi har gwiwar hannu, Direba ya fito, kuma don tsabar sabo, ta taga.

Suka ɗaga ni. Ba inda na ƙone sai gefen mayafi. Wata safa ta maƙale mini a kunne. Mai rabin kai ne ya fara dariya, sauran mutanen layi suka ɗauka.

Direba ya tsuguna yana tsintar fegi. "Matar Yaya, wannan ruwan wane launi ne?"

Auta na goge mini fuska, tana cije leɓe. "Shi ne abin da na so in gaya miki, Inna. Akwai guda biyu da ba mai toshe su: wanda ke tsayar da aiki cak, da wanda ke kashe shi gaba ɗaya. Kuma cibiya ba ta zama ta zuba ido. In mai saƙo na barci tana tashinsa, in ya yi nisa tana taɓo shi ya shigo."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kin ce kin gane."

"To ni wanne aka aiko mini, mai tsayarwa ko mai kashewa?"

Babba ne ya amsa, ba da baki ba. Ya ɗauki kujerar da ubansa ya ƙera, wadda ta koma mai ƙafa uku, ya daɗe yana kallonta, ya shiga da ita ciki. Ni ma na bi bayanta, ruwa na ɗiga, takalmina na kuka. Mai wanki ta biyo ni tana ba ni haƙuri tana ƙirga fegi.

Haka na koma ɗakin baya, tsakanin inji da sikeli. Kushin ɗin, ba zan yi ƙarya ba, yana da taushi. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Na yi kwanaki ba na kula kowa, ina jin su a waje suna ƙwala wa juna kira kamar 'yan tasha, ba tsari, ba launi.

Sai wata safiya ina zaune na ga Babba ya wuce ta gaban ɗakin da sauri. Can matarsa ta wuce. Can sai ga Direba, shi har da gudu-gudu. Na bi su da ido, na ga inda suka nufa. Maganar Auta ta faɗo mini: ba aikin da ke daɗewa bai shigo ba, dole ya buƙaci wani abu. Ashe ba tsarin ne ya lalace ba. Ƙofa na zaɓa ba daidai ba.

Gidanmu banɗaki ɗaya ne. Hanyarsa siririya ce, ta gaban ɗakin baya take bi, kuma ba ta da taga.

Na ja kushin da kaina, ina nishi, na dasa shi a bakin lungun, na ɗora sandata a cinya. Na aika aka gaya wa masu shayi da mai fulawa su riƙa zagayowa ta ƙofar baya, kuma yanzu ina tambayar suna da adadi, don ni ba na ƙin gyara in ya zo da ladabi. Ba a jima ba sai ga Direba ya taho yana taku ɗaiɗai, ya sha shayi kofi biyu. Na miƙa sanda.

"Kana da shuɗi."

"Matar Yaya, don girman Allah. Na toshe."

"Toshe mana," na ce. "Ni ba sauri nake ba."

Ya dubi sanda, ya dubi ƙofar banɗaki, ya dubi bango ko taga ta tsiro. Sannan ya juya ya ɗauki bokitin toka, kuma tun da aka kafa gidan nan ban taɓa ganin an kai toka juji da irin wannan gudun ba.